Faifai Uku a Shagon Tanimu

Bature ne ya bar su, dogo mai keke,
malamin zane a Samaru.
Ya kawo garmaho gyara, tafiya ta riske shi,
ya ce wa babana: Tanimu, riƙe waɗannan a bakin ladanka.
Faifai uku. Babana kuɗi ya so.

Shekara arba'in suna bayan kanta a Tudun Wada,
tsakanin gawar rediyo da gwangwanin dalma.
Gara ta ci gefen kwalin, ta bar fuskokin:
samari huɗu, babu mai murmushi,
sun jingina da bangon jan bulo
kamar masu jiran albashin da aka ce gobe.

Na farkon ɗanye ne.
Bayan kwalin ya ce a siton wata rufaffiyar masaƙa aka ɗauke shi,
kwana biyu, da kuɗin aro.
Kunne ma ya shaida.
Jita tana ƙara kamar ana yanka kwano da zarto,
ganga a bushe, ba ta roƙon kowa ya taka,
mai babbar tsirkiya shi ke gaba, yana jan sauran
yadda kan jirgi ke jan tarago.
Mai waƙar ba ya rerawa. Ƙorafi yake,
irin na wanda ya daɗe a layi.
Babana ya saurara rabin minti, ya ce:
yaran nan ba su ci abinci ba.

Na biyun sun samu kuɗi kaɗan, da ɗaki mai faɗi.
Sai muryar ta yi nisa,
kamar mai magana daga cikin rijiya.
Inna ta leƙo da kwanon tuwo,
ta ce kashe, wannan ai daka ne a gidan makoki.

Baba Jatau ne kaɗai ya nemi a maimaita.
Shekara talatin ya yi a reluwe, Sabon Gari,
har ciyawa ta haɗiye dogo yana kallo.
Ba ya jin Turancinsu, ni ma rabi nake tsinta,
amma ya ɗora tafinsa a kan lasifika,
ya rufe ido.
Garinsu ma an kashe injin, in ji shi.
Wa ya gaya maka, Baba?
Ya ce ba a gaya wa kuturu zafin taɓarya.

A na ukun hoton saura mutum uku.
Inda mai ganga yake tsayawa, bango ne.
Na'ura ce ke bugawa, ba ta kuskure,
ba ta kuma gumi.
Ko faɗa suka yi a kan kuɗi,
ko aure ya yi, ya kama tuƙin bas,
kwalin bai ce ba. Nan gara ta fi ci.
Daga nan ban san labarinsu ba.
Ɗana ya ce in ba shi sunan, minti ɗaya wayarsa za ta faɗa.
Na ce bari tukuna.

Yanzu shagon nawa ne, waya nake gyarawa.
Babana yana kwance bayan ganuwa,
Baba Jatau ya koma garinsu, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.
In an kawo wuta bayan isha'i,
kuma ruwan Agusta ya hana ni hawa mashin zuwa Kwangila,
nakan busa ƙurar allura, in ɗora na farkon.

Akwai tsaga a waƙa ta huɗu.
Allura takan maƙale,
yaron nan mai yunwa ya yi ta nanata kalma ɗaya,
kalma ɗaya,
kalma ɗaya,
wadda har yau ban gane ba.
Babana da ɗan yatsa yake ture ta ta wuce.
Ni nakan bar shi ya faɗa,
har sai an ɗauke wutar.